Sawun Ƙafa a Kan Siminti

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ba da ni ake zancen ba. A layin ganin likita ne, benci ɗaya muke da wata mata da wani dattijo.

"Baba, yarona yana ajin ƙarshe a sakandare. Shekara biyu ke nan kullum sai ya yi gudun asuba, wai makarantar hafsoshin soja zai shiga."

"Gudu? Hajiya, ai ko kaza tana gudu. Kin duba tafin ƙafarsa?"

"Ƙafa kuma?"

"Ya jiƙa ta, ya taka siminti. In sawun ya fito duka, babu rami a tsakiya, gida za su koro shi. Ba ruwansu da makinsa."

"Kai soja ne?"

Ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin benci. "Tela ne ni."

Ta ce a hankali, "Allah ya sa tasa shimfiɗaɗɗiya ce. Shi kaɗai gare ni."

Ƙanena ma wannan gudun yake yi, ba shi da wani buri sai shi. Washegari na zuba ruwa a bakin ƙofa, na tsaya da tsintsiya kamar mai shara, ina jiran ya dawo ya cire takalmi.