A Fara Daga Bencin Baya: Tunawa da Malam Gudaji

Da sunan Allah muke buɗewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ƙara girma. Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugaban wannan kwaleji da 'yan'uwana malamai, Hajiya Hannatu uwargidan marigayi da 'ya'yanta, manoman da suka taso daga Ɗanzomo da Gagarawa, sai ɗalibai da ke can baya, ina yi muku sallama.

Ni ne Sabo, malamin lissafi. An zaɓe ni in yi magana yau da Malam Gudaji ya cika kwana arba'in, ba don na fi kowa iya baki ba, sai don ni na ja masa igiyar injin wuta shekara shida, duk Alhamis bayan la'asar. Kafaɗata ta dama har yanzu ba ta yafe masa ba.

Ya kasance mutum mai naci. A 1971 ya je Kano ya aro majigi, ya ce za a riƙa nuna fim na ilimi a wannan zaure, in an gama a tattauna. Muka ce to, muna zaton mako uku zai yi ya gaji. Mu muka gaji, shi bai gaji ba. Fim ya tsinke, ya liƙe shi. Motar Kano ta ƙi zuwa, ya sake nuna na makon jiya, ya ce ai ba mu gama fahimtarsa ba. Hajiya, labulen tagogin nan ke kika ɗinka su da buhunan gyaɗa, mun sani, kuma ba mu taɓa yi miki godiya ba.

Ya kasance mai lura da abin da muka saba har ba ma ganinsa. Shekarar farko kallo kawai aka yi, tattaunawa ba ta yiwu ba. In an kashe majigi, sai a ba babban baƙo magana, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Shi kuma ya ce, "Madalla, abu ya yi kyau." Shi ke nan. Wane ɗalibi ne zai buɗe baki bayan babba ya rufe zance? Sai kowa ya nemi takalminsa.

Malam Gudaji bai ce manya su yi shiru ba, ya fi haka wayo. Gida gida ya bi su, yana cewa, "Ranka ya daɗe, alƙali ba ya fara magana. Bari yara su zuba shirmensu, ku ku yanke a ƙarshe." Suka ji daɗin wannan girma, suka yarda. Tun daga ranar, da zarar an ɗage labule sai ya ce, "A fara daga bencin baya."

Kun tuna shekarar fari. An nuna mana fim na wata gona kore shar a wata ƙasa, mu kuwa gerona da naku ya bushe a tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa wannan cin fuska ne. Ya ce, "Sabo, bari mu ji baya tukuna." Wani ɗalibi ɗan Maigatari, Ubale, ya miƙe, ya ce irin da muke shukawa yana daɗewa bai nuna ba, alhali dangin mahaifiyarsa a Damagaram suna da ɗan gajeren gero mai saurin nuna. Da magana ta iso gaba, Sarkin Noma Ilu na Ɗanzomo, ga shi nan zaune, ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya. Na san irin. Amma da ni aka fara ba wa magana, da madalla zan ce." Daminar da ta biyo, gidaje da yawa daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da wannan irin suka ci tuwo.

Ya kasance aboki mai gajiyarwa, kuma ina kewarsa sosai.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Masu majigi sun aiko daga Kano. Sun ce da sunan Malam Gudaji suka ba da aro, in ba a sami wanda zai ɗauki nauyi ba zuwa Alhamis mai zuwa, mota za ta zo ta kwashe. Kwana arba'in ke nan zauren nan a rufe. Ba zan ɓoye muku ba, ranar Alhamis ta farko da ban ja igiya ba, daɗi na ji, daga baya kuma kunya ta kama ni. Mun gaji, jama'a. Malamai sun yi kaɗan, aiki ya yi yawa, ni kuma shekaru sun ja.

Hajiya Hannatu, jiya kin aiko a tambaye ni ko a cire labulen a kai miki gida. Na ce wa ɗan aike amsa sai bayan taron yau. Ku yi haƙuri, ke da Ishaku da Aishatu. Mahaifinku bai bar muku gini ba, amma duk inda kuka shiga a ƙasar Gumel za a matsa muku wuri.

Da na tashi, na gaishe ku daga sama zuwa ƙasa, yadda aka saba. Wannan tambaya kuwa ba za ta bi ta nan ba. Ranka ya daɗe, iyayenmu, ina roƙon ku ƙara haƙuri sau ɗaya, kada kowa ya ce madalla tukuna. Ga takardar Kano a kan tebur. In an shafa addu'a, za a tambaya ko a buɗe zauren nan ran Alhamis ko a bar mota ta zo. Ni yanzu cikin tsofaffi nake, sai a ƙarshe zan yi magana. Abin da zan iya faɗa kawai, in aka ce a buɗe, kafaɗar hagu tana nan.

Mun gode wa duk wanda ya taso. Allah ya jiƙan Malam Gudaji, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya mai da kowa gida lafiya. Liman zai yi mana addu'a.

Bayan nan, a fara daga bencin baya.