Ruwan Balas da Kainuwar Inna Maiturare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin wannan Ɗaki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, Malam Luqman. Uwar ƙungiya, Hajiya Zubaidatu, da sauran iyayenmu mata da ke bayan labule. Dattawan Misfala da na Jarwal, tsofaffin unguwanninmu na nan Makka, waɗanda gine-ginen otal suka watsa mu unguwa-unguwa amma muke nemo juna kowace shekara bayan Hajji. Malamai da ɗalibai da kuka zo daga gida neman ilimi. Samarinmu haifaffun nan, masu jin tambaya da Hausa su amsa da Larabci: Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa ƙungiya da ta tuna da ni. Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdulƙadir, a Misfala aka haife ni, kuma a ɗakin injin jirgin ruwa na ƙare ƙuruciyata, shi ya sa nake magana da ƙarfi, kunnen ne ya tafi. An ce in ba ku labarin teku. Zan bayar, amma da buƙata na zo, kuma ba zan ɓoye ta sai ƙarshe ba. Uzair, ɗan marigayi ƙanena, wanda ya gaje ni a aikin jirgi, an sa ranar aurensa da Minnatullah, 'yar aminina Abdulilah. Yanzu an aiko mana cewa a dakata, saboda Uzair ya rasa aikinsa, kuma ana cewa taurin kai ne ya jawo masa, wai ya kori kansa a kan ruwa. Na san ba a kawo irin wannan magana cikin taro. Amma a majalisu aka yaɗa ta, don haka a gaban jama'a zan amsa ta.

Na farko, wane ruwa ne wannan? Jirgi idan ya sauke kaya ya zama fanko, ba ya iya tafiya, igiyar ruwa sai ta yi ta wasa da shi. Don haka sai ya zuƙi ruwan tashar da yake ya cika wasu manyan tankuna a cikinsa, ya yi nauyi, ya zauna daidai. Idan ya isa inda zai ɗauki sabon kaya, sai ya amayar da shi a can. Shi ne ruwan balas. A zamaninmu babu wanda ya damu da shi. Mu zuƙa a nan, mu zubar a can, mu sha shayinmu.

Na biyu, ku bar ni in tuna muku da wata baiwar Allah, Inna Maiturare, mahaifiyar Abdulilah. Manyanmu sun san ta. Tana zama a bakin ƙofarta a Misfala da kaskon garwashi da kwalaben humra, unguwa duk ta ɗauki ƙamshi, kuma ba a wuce ta ba a gaishe ta ba, sai dai in mutum ya shirya jin sunan kakansa. Daga wani ƙauye kusa da Argungu ta taso tana yarinya, a ƙafa, ta ratsa Chadi da Sudan, ta haye teku daga Sawakin, ba ta ƙara ganin gida ba har ta koma ga Allah.

Wata shekara jirginmu ya sauke kaya a Warri, muka zuƙi balas a can. Ruwan ja ne, mai laka. Wani abokin aikina ya ce mini ai wannan ruwan kogin Kwara ne, ita kuwa Kwara a cikinta gulbin da ya ratsa Argungu yake faɗawa. Maganar ta zauna mini. Da muka iso Jidda, kafin a zubar, na sauka cikin tanki na ɗebo kwalba guda daga ƙasa, har da lakar, na kawo wa Inna. Ban ce mata komai ba. Ta buɗe, ta kai hanci, hancin da ke rarrabe turaren Hindu da na Yaman ido rufe. Sai ta ce, "Abdulƙadir, ina ka samo gulbinmu?" Wallahi ranar na ga hawayen matar da ko a rasuwar mijinta ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

Ta juye ruwan da lakar a daro, ta ajiye a saman soro, tana ƙara masa ruwa. Ba a daɗe ba sai ga wani ɗan koren ganye ya taso yana yawo a kai. Kainuwa. Irinta ya kwanta a laka, ya yi makonni a cikin duhun tanki, ya zagayo rabin duniya, bai mutu ba. Jama'a, ku da kuka ga wannan lokaci, ku shaida. Matan Misfala layi suka yi a matakalar Inna. Tsofaffin da suka bar gida tun suna goye a baya suna taɓa ganyen suna kiran sunayen garuruwansu. Kowace ta roƙi iri ta kai gidanta. Ni kuwa na zama ɗan gata, duk gidan da na shiga sai an dama mini fura. Ina kewar waɗannan kwanaki, ina kewar waɗannan lunguna da yanzu mota ke fakawa a inda suke, ina kewar muryoyin da ba zan ƙara ji ba.

To amma kainuwa ba ta san iyaka ba. Daga daro ta cika bahon wanki, daga baho ta kai ga birka, wato babban kwatamin ruwa da ke tsakar gidan da ake saukar da alhazai a bayan gidan Inna. Yadda ta shiga, har yau ba a sani ba. Ta rufe fuskar ruwan, saiwoyinta suka toshe bututu, ruwan ya canza wari. Ga aikin Hajji ya zo, gida cike da baƙi, mutanen tsibirin Jawa da na Turkiyya da namu, an kira salla suna tsaye da butoci babu ruwan alwala. Abdulilah, kai ka tuɓe riga ka shiga birkar nan kana kwasowa, ba sai na tuna maka ba.

Me Inna ta yi? Ta yafa mayafinta, ta bi gida-gida da kwando, ta karɓe duk irin da ta rabar. Wasu suka yi mata magiya, wasu suka ɓoye a bayan randa, ta bankaɗo. Ta haɗa da nata na daro, ta shanya a rana, ta ƙone da garwashin turarenta. Da na je gaishe ta ina jin haushi, sai ta ce, "Garin nan ya karɓe ni babu ko takalmi a ƙafata. Ba zan bar abin da nake so ya hana baƙin Allah alwala ba. Kada ka ƙara kawo mini." Ba ta ƙara jin warin gulbinsu ba har ta rasu, kuma ta san haka za a yi tun ranar da ta kunna wutar.

Na uku, dokar yau. Abin da Inna ta gani a birka, duniya ta gan shi a teku. Kainuwa ba ta rayuwa a ruwan gishiri, amma akwai dubban halittu masu rayuwa a cikinsa: ƙwayayen kifi, 'ya'yan katantanwa, gansakuka, ƙwayoyin cuta. Jirgi ya kwaso su daga ƙasarsu ya juye a inda ba su da mai cin su, sai su mamaye wuri, su kore kifin da masunta suka sani, su toshe bututu. Shi ya sa ƙasashe suka haɗu suka kafa doka, ƙasar nan ma ta sa hannu: ba a zubar da ruwan balas sai an bi da shi ta na'ura, an tace shi, an kashe abin da ke raye a ciki. Kada wani ya ce mu mutanen Makka ina ruwanmu da teku. Famfon da kuka yi alwala da shi yanzu, mafi yawan ruwansa daga tekun nan aka tato shi, a matatar ruwa ta Shu'aiba.

Ga abin da ya faru da Uzair. Jirginsu ya zuƙi ruwan kogi mai laka, laka ta yi ta toshe matatar na'urar, aiki ya ƙi sauri. Aka ce a kewaye na'urar a cika tankuna haka nan. Da suka doso gaɓarmu, kyaftin ya umarce shi ya buɗe a zubar, wai babu mai gani. Uzair ya ce ba zai buɗe ba, sai dai a koma tsakiyar teku a sauya ruwan, a bi da shi ta na'ura, yadda doka ta ce. Aka yi haka dole, jirgi ya makara, layinsa a tasha ya wuce, kamfani ya ce ba ya buƙatarsa kuma. Wannan shi ne taurin kan da ake faɗa. Aiki zai samu, in sha Allah, teku ba ta ƙare ba, kuma ni da ƙafata zan taka masa. Abin da nake tsoro shi ne samarin da ke zaune a can baya su koyi cewa wanda ya bi doka a cikinmu mata yake rasawa.

Abdulilah, tare muka yi wasa a lungu ɗaya, tare muka sha dukan malami ɗaya, kuma na fi ka shekaru, don haka ka yi haƙuri da ni. Ba na ganin laifinka don ka ji wa 'yarka tsoro, kowane uba zai ji. Amma ka dubi wannan ƙyalle da ke hannuna. Ranar da Inna ta ƙone kainuwarta, guda ɗaya ta bari, ta busar da ita sarai har ta tabbata ba za ta ƙara tsira ba, ta naɗe ta ba ni. Ta bi ni kowane jirgi da na hau, har yanzu da sauran ƙamshin humrarta a jiki. Ba ni da gadon da ya fi ta. Na yi niyya tun tuni in ba Minnatullah ta sa a kayan ɗakinta, don ta san wace ce kakarta, kuma ta san irin mijin da ta samu. Ga ta nan na ɗora a kan tebur. In ka bar ta a nan, zan mayar aljihuna, ba zan ƙara ɗaga maganar ba, zumuncinmu kuma yana nan.

Abdulilah, ka taso? To, taho a hankali, gwiwoyin nan namu ba na da ba ne. Riƙe da hannu biyu, ta yi laushi, kada ta ruguje. Malam Luqman, ka shaida. Iyayenmu mata, na ji guɗar, amma ku bari in yi addu'a tukuna.

Allah Ya jiƙan Inna Maiturare da duk waɗanda suka tako zuwa garin nan ba su koma ba, Ya shayar da su daga ƙoramun Aljanna. Allah Ya sa albarka a auren Uzair da Minnatullah, Ya buɗa masa ƙofar aiki mafi alheri. Allah Ya tsare 'ya'yanmu da ke bisa teku, Ya tsare ruwan da baƙinsa ke alwala da shi, Ya ba ƙasar da ta karɓe mu da ƙasar da muka fito zaman lafiya. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sake tara mu baɗi.

Na gode.