Jijiyar Yayan Lado

A ɗakin jiran likitan zuciya a Ikeja, Lado, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya kasa zama wuri ɗaya. Wata dattijuwa 'yar Agege ta gaji da kallon safa da marwarsa.

"Bawan Allah, kai ne marar lafiyar?"

"Yayana ne, Hajiya. Jijiyar zuciyarsa ta toshe. Wai a kai shi Alƙahira a zura siririn bututu a buɗe ta. Ni kuwa na ji 'yan Arewa sun fi mutuwa a aikin nan. Bayarabe ya je ya dawo da ƙafarsa, namu sai a binne shi can."

"Bututun ya san ƙabila ne?"

"To me ke kashe namu?"

"Su yau ƙirji ya soke su, gobe suna asibiti. Namu sai ya sha jiƙo ya ƙoshi, ga hawan jini ga suga ba a taɓa aunawa ba, sannan a kwaso shi daga ƙauye, kwana biyu a mota. Naka tun yaushe yake fama?"

Lado ya kau da kai. "Tun azumi. Ni na ce a bari kakar tumatir ta wuce."

"Ni wata biyar na riƙe maigidana a ɗaki, ina cewa sanyi ne."

"Ya tashi?"

Ta gyara mayafinta. "Allah ya jiƙansa. Ɗansa na kawo yau. Jiya ya fara dafe ƙirji."

Lado ya nufi ƙofar likita, bai jira an kira shi ba.