An Saci Zanen Ƙasan Takalmina

Tashar bas ta birnin León, bayan ruwa ya ɗauke. Wani dattijo ya bi sawun takalmi a taɓo har gaban wani saurayi da ke cin tako, wata wainar masara mai nama a ciki, a kan benci.

"Samari, ɗaga ƙafarka in gani."

"Baba, wani abu na taka?"

"Dukiyata ka taka. Wannan ganyen da ke ƙasan takalminka ni na zana shi. Na yi masa rajista, hukuma ta buga hatimi, ba mai kwaikwayonsa sai da izinina. Ina ka saya?"

"A bakin kasuwa. Na rantse ban san na sata ba ne."

"Jabu ne! Dubi ganyen a karkace! Allah na gode maka!"

"Murna kake yi?"

"Yaro, tunda na yi rajistar nan ko ɓarawo ɗaya bai kula ni ba. Kullum matata Eulalia cewa take na ɗauko mai gadi a gidan da babu komai."

"To, sai kotu ke nan?"

"Kotu ta jira. Eulalia zan fara nuna wa. Cire, ga nawa na ainihi, mu yi musaya."

Saurayin ya zura, ya ɗan taka, ya yamutse fuska.

"Baba, naka yana matse min yatsu. Na ɓarawon ya fi laushi."

"Ado na yi wa rajista, ba laushi ba. To mai da naka, ka taso mu je ta gani a ƙafarka. Amma maganar laushin nan, ka bar ta a tasha."