Dashen Mangwaron Hajiya Safiyya

A tashar Kawo, Hajiya Safiyya na zaune cikin motar Zariya, ta rungume dashen mangwaro a cinya. Mutumin da ke gefenta ya rage muryar rediyonsa.

"Hajiya, kin ji naira ta sake faɗuwa? Ni tun bara na sayar da hannun jarina kaf."

"Ni kuwa da na yi ritaya, kuɗin sallamata gona na saya."

"Wannan yaushe zai yi 'ya'ya?"

"Nan da shekara biyar, in Allah Ya yarda."

"Tabɗi! Wa ya san yadda ƙasar nan za ta kasance?"

"Alhaji, mangwaro ba ya sauraron labarai. Ruwa kawai yake so."

Ya kashe rediyon.

"Wanda na sayar ɗin fa ya ninka. Hajiya, ina ake samun irin dashen nan?"