Injin Babur Ɗin Mijina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Hadiza, daga Sabo, Ibadan.

Mijina ɗan okada ne, Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar sabon babur, irin wanda aka ƙera babu kafireta, ba ya shan mai sosai. Ina cikin takaba amininsa bakanike ya ce, "Maman Aisha, kawo in riƙa tayar da shi, kar injin ya lalace." Na ba shi.

Da na fita takaba ya dawo da shi. Yana tayarwa na gane ba kukan da na saba ji in buɗe wa mijina ƙofa ba ne. Aka duba, ashe ya cire sabon injin ya sa tsoho. Shi ne fa ya yi wa mijina wanka.

Da babur ɗin zan ciyar da marayu. Jama'a, in kai bakaniken gaban manya, ko in bar shi da Allah?