Yawun da Ya Kai Shi Afirka

A ɗakin jiran likita a Karachi, wani dattijo yana ta huci kusa da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Sheedi, baƙaƙen fatar garin.

"Ƙarya ne, Baji!" ya ce mata, wato Yaya a yaren garin. "Ɗana ya aika wa masu binciken asali yawuna suka gwada, wai asalin ɗan Adam duk Afirka ne. Har ni!"

"To, Sahib, me ya yi zafi?"

"Ni da na kori manemin 'yata don baƙi ne? Shekara shida ba ta gaishe ni. Da wane ido zan kalle ta?"

"Au, sai da yawu ya faɗa maka mutum ne? Ɗauke jakar da ka gitta tsakaninmu tun da na zauna. Ko ita ma sai likita ya rubuta maka?"